Ragon suna da katin awo

Tun kwana uku da haihuwa aka ɗaure ragon a ƙofar gida. Fari ne mai baƙin kai, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya yaba, maƙwabcin nawa kuwa baki har kunne, domin bayan 'ya'ya mata biyu wannan ne karon farko da Allah ya ba shi namiji. An sayi goro da dabino, an kai ɗinki, an aika wa dangi na nesa.

A kwana na biyar jaririn ya daina kama nono. Uwar ta ce yana son sha, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Da yamma sai ya dunƙule hannuwansa, jikinsa ya sandare kamar ice. Idan aka buga ƙofa ko aka haska masa tocila sai ya banƙare, bayansa ya lanƙwashe, ya yi ta wani kuka da ba ya fita sosai. Tsofaffi suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne ya kama shi saboda yawan 'yan barka. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu, aka rasa yadda za a ɗura masa. Sai a daren kwana na shida muka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti, ni ne na zauna gaba kusa da direba. Malamar da ta karɓe shi ba ta daɗe tana dubawa ba. Ta buɗe zanen, ta kalli cibiyar, ta juyo ga uwar ta ce, "Baiwar Allah, ina katin awonki?" Babu kati. Da asubahin ranar suna yaron ya koma. Mutanen da suka zo raɗin suna su ne suka yi masa sallah.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina kafin na iya rubuta shi. Abin da ya kashe yaron nan cutar sarƙe-haƙora ce, wadda likitoci ke kira tetanus. Ƙwayarta tana zaune a cikin ƙasa, da ƙura, da kashin dabbobi, kuma tana iya yin shekaru a kwance ba ta mutu ba. Ƙofarta ga jariri ita ce cibiya: tsohuwar reza da aka yanke ta da ita, zaren da aka ɗaure ta, toka ko man goge baki ko tsumman gashi da aka ɗora a kai. Wani lokaci kuma askar wanzami ce wajen cire beli. Idan ta shiga sai ta saki wani dafi mai kama jijiyoyi, alamun su fito tsakanin kwana 3 zuwa 14 da haihuwa, mafi yawa wajen kwana na bakwai. Shi ya sa take yawan haɗuwa da ranar suna. Jaririn da ta kama a inda babu ɗakin kulawa ta musamman, da wuya ya tashi.

Wani abu game da ita ya bambanta ta da ƙyanda ko shan-inna. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, saboda haka ko duk matan unguwa sun yi rigakafi, wadda ba ta yi ba babu abin da ya kare ɗanta. Ba kuma za a taɓa share ta daga duniya ba, tunda ba za a share ƙasa ba. Jaririn da aka haifa jiya bai da ƙarfin da zai kare kansa, kariyarsa ita ce abin da ya samo daga jinin uwarsa ta cikin mabiyiya tun yana ciki. Idan an yi wa uwar allurar, jikinta zai haɗa garkuwa ya miƙa masa, ya fito duniya da ita. Idan ba a yi mata ba, ya fito hannu rabbana.

Allurar ba ta da wani sarƙaƙiya. Ta farko ranar da mace ta fara zuwa awo, ta biyu bayan aƙalla sati huɗu, kuma ana so a yi ta biyun saura aƙalla sati biyu a haihu, don jiki ya samu lokacin aiki. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika biyar ɗin ta gama, kariyar za ta raka ta duk tsawon shekarun haihuwarta. A asibitocin gwamnati kyauta ake yin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai kimanin 787,000 wannan cuta ta kashe a duniya, zuwa 2018 adadin ya sauko wajen 25,000. Babu wani sabon magani na ban mamaki da ya kawo wannan sauƙi, allurar nan ce da tsabtar wurin haihuwa. Ghana ta fita daga jerin ƙasashen da cutar ke addabar jarirai a 2011, Kamaru a 2012, Nijar a 2016, Chadi a 2019. Najeriya har yanzu tana cikin 'yan tsirarun da suka rage, kuma yankinmu na Arewa ne ya riƙe ta a can. Nijar ce ta fi tsaya mini a rai. Harshenmu ɗaya da Maraɗi da Damagaram, addininmu ɗaya, al'adar jegonmu ɗaya, ba su fi mu kuɗi ba. Abin da suka iya ba zai gagare mu ba.

Ra'ayina, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne wannan magana ta maza ce. Mun daɗe muna aika saƙon awo da rigakafi ga mata, a rediyo, a gidan biki, a makarantun Islamiyya, alhali a yawancin gidajenmu mace ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta. Bayan kwana arba'in da rasuwar yaron, muna zaune da maƙwabcina a kan dakali, shi da kansa ya gaya mini cewa sau biyu matarsa ta tambaye shi zuwa awo. Karon farko ya ce ta bari sai kasuwa ta yi kyau. Karo na biyu ya ce mata mahaifiyarsa ta haifi tara ba ta taɓa taka asibiti ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka san cikin taran nan mu biyar muka rayu. Ban taɓa lissafa sauran huɗun ba sai yanzu." Mutumin kirki ne, mai sallah, mai ciyar da iyalinsa, bai taɓa nufin ɗansa da sharri ba. Ya tara kuɗin rago wata da watanni, domin ya san rago haƙƙi ne a kansa kuma idon jama'a na kai. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa katin awo ma haƙƙi ne, kuma kuɗin motar duk zuwan da za ta yi bai kai kuɗin cinyar ragon ba.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa mata 67 cikin 100 ne suka ga ma'aikacin lafiya a lokacin da suke da ciki, 39 cikin 100 kuma suka haihu a asibiti. A Arewa maso Yamma, masu haihuwa a asibiti ba su wuce kimanin 16 cikin 100 ba. Ma'ana, mafi yawan 'ya'yanmu a ɗaki ake yanke musu cibiya. Ba zan zauna ina zagin ungozoma ba, ita ce ke tashi da tsakar dare lokacin da babu kowa. Amma tunda mun san a gida za a haihu, ai mu ne muka fi kowa buƙatar allurar, mu ne kuma muka fi buƙatar sabuwar reza a leda, da zare mai tsabta, da man cibiyar nan na asibiti, kuloheksidin, wanda ake shafawa a cibiya kaɗai, ba a kusantar da shi ido. Duk waɗannan miji ne zai saye su ya ajiye, kamar yadda yake sayen itacen wankan jego.

Sai kuma ɓoye ciki. Kunya ado ce, ban ƙi ba, musamman ga mai cikin fari da ba ta iya buɗe baki gaban surukarta. Ga kuma tsoron baki, kada a faɗa da wuri wani abu ya faru. Sakamakon shi ne yarinya ba ta zuwa awo sai ciki ya kai wata bakwai ko takwas, sau da yawa sai an kai ta goyon ciki gidan iyayenta. Ta samu allura ɗaya, kafin lokacin ta biyu ya yi naƙuda ta zo. Allura ɗaya ga wadda ba ta taɓa yi ba kusan ba ta tsinana komai. Mijin da ya san halin da matarsa ke ciki tun watan farko zai iya raka ta asibiti shiru, ba tare da unguwa ta ji ba. Ba a ce a yi shela ba.

Na san abin da wasu za su ce, cewa ba su yarda da allurar rigakafi ba, kuma ba na raina shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, wajen rabinsu ne aka ba shi, yara 11 cikin waɗanda aka yi gwajin da su suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Wannan ya faru, ba jita-jita ba ce, kuma duk mai son ya fahimci dalilin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 dole ya fara daga nan. Amma mu tuna yadda wancan ya ƙare. An koma yin rigakafin a 2004, bayan cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama, yaran da suka shanye a tsakanin kuwa suna nan, yanzu magidanta ne a kan keken guragu. Sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin, a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Yaran da aka ɗiga wa maganin, da aka ce ba za su haihu ba, ga su nan muna zuwa sunan 'ya'yansu.

Ita allurar tetanus ma an yi mata irin wannan ƙazafi, cewa tsarin iyali ne a ɓoye, har a Kenya an yi wannan hayaniya a 2014. Ni amsata ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Ka je ƙaramin asibitin unguwarku ranar awo ka dubi layin. Akwai mai ciki na shida, akwai mai na takwas, da yawansu duk cikin da suka yi sai an yi musu allurar. Allura ce da aka sani tun shekarun 1920, an yi wa miliyoyin sojoji ita a Yaƙin Duniya na Biyu, babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, dafin ne aka kashe masa kaifi don jiki ya gane shi. Abin da takan jawo shi ne tsamin dantse na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Wadda ake yi yanzu ma haɗe take da rigakafin mashaƙo, cutar da ta ɗauke mana yara da yawa a Kano da maƙwabtanta tun daga ƙarshen 2022. Kuma ma'aikatan lafiya ba kowace allura suke ɗirka wa mai ciki ba. Rigakafin ƙyanda da na ƙyandar Jamus, masu ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai ciki su, sai ta sauka. Na cutar shawara ma ana kauce masa sai dai in annoba ta ɓarke. Wanda yake tantancewa haka, ya ce wannan a yi, wancan a jira, ya cancanci a saurare shi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ɗora komai a kan magidanta in wanke hukuma ba. Ƙanwata ta taɓa zuwa awo tun ƙarfe bakwai na safe, ta zauna a benci har azahar da tsohon ciki, aka ce allura ta ƙare ta dawo wani satin. Da ta tambayi ranar da za ta dawo, amsar da aka ba ta cikin tsawa ce, gaban mutane. Ta dawo gida tana kuka ta ce ita da wurin nan har abada, da ƙyar muka lallashe ta. Macen da aka wulaƙanta sau ɗaya ba ita kaɗai aka kora ba, an kori kishiyarta da ƙawayenta da duk wadda za ta ba labari. Akwai ƙauyukan da asibitin ma'aikaci ɗaya ne, namiji, kuma firjin ajiye allura ya daɗe da mutuwa. Gwamnonin da ke gina gadoji a birane su sani cewa ungozoma mace mai horo, da firji mai aiki da hasken rana, da albashi a kan lokaci, su ne ke tsayawa tsakanin jariri da kabari. Ƙasarmu da aka ƙiyasta cewa a 2020 ita kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duk duniya ba ta da hujjar barin ɗakin awo babu kaya.

Awo kuma ya wuce allurar tetanus. A can ne ake ba mai ciki ƙwayoyin nan uku na kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ta haɗiye a gaban malama, daga bayan wata uku na farko, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Mun saba da zazzaɓi har mun daina jin tsoronsa, amma ga mai ciki ƙwayar takan taru a mabiyiya ta tare wa ɗan tayi abinci, uwar ta rasa jini, a haifi yaro ɗan mitsitsi ko cikin ya zube, wani lokaci ba tare da ta ji ko ciwon kai ba. A can ne ake gwada jini a ga ko akwai tunjere, wadda allurar fenisilin ke kashewa kafin ta kashe ɗan da ke ciki, da ƙanjamau, wanda in uwa tana shan magani yadda ya kamata da wuya ɗanta ya ɗauka. A nan ma maganar ta dawo kan maza, domin in aka yi wa mace maganin tunjere mijin ya ƙi zuwa, shi zai sake mayar mata.

Ciwon hanta nau'in B shi ne wanda na fi so iyaye maza su riƙe. Kimanin mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da shi, mafi yawa ba su sani ba. Babba in ya kamu yawanci jikinsa kan kore shi, amma jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, tara cikin goma zai zauna da shi har girma, shi ne daga baya za ka ji an ce saurayi ɗan shekara talatin cikinsa ya kumbura, hanta ta lalace. Akwai allurar da ake yi wa jariri, kuma ƙarfinta yana cikin awa 24 na farko. Mu kuwa al'adarmu mai jego da jariri ba sa fita sai an yi suna, wasu sai an yi arba'in. Babu laifi mai jego ta zauna ta huta. Uban ko kakar su naɗe yaron a zani su kai shi a yi masa, su dawo kafin ruwan wanka ya tafasa.

Game da shayarwa, kuskurenmu ya fi yawa wajen hanawa. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, ana ba jariri ruwa ko madarar shanu har sai farin nono ya zo. Wannan ruwan mai kauri, rawaya-rawaya, shi ne ya fi kowane nono ɗauke da garkuwar jikin uwa, yana shafe hanjin jariri ya tare ƙwayoyin gudawa. Haka in uwa ta yi zazzaɓi ko mura, sai a ce nononta ya ɓaci a janye yaron, alhali a daidai lokacin ne jikinta ke haɗa maganin wannan cutar yana zubawa a nonon. In nono ya kumbura yana zafi, ci gaba da shayarwa na cikin maganinsa, tare da zuwa asibiti. Mai ciwon hanta tana shayarwa, in dai an yi wa ɗanta allura. Mai shayarwa tana karɓar allurarta ta tetanus ta uku ba tare da ta yaye kowa ba. Inda ake buƙatar taka-tsantsan, kamar rigakafin shawara ga mai goyon ɗan ƙaramin jariri, ko wasu magunguna masu ƙarfi, ma'aikacin lafiya ne zai faɗa, shi ya sa ake so ta riƙa cewa "ina shayarwa" kafin a rubuta mata komai, ko a kemis ne. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, kuma a cikin ayar nan aka ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaro. A binciken 2018 ɗin nan, jarirai 29 cikin 100 ne kawai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla.

Ranar ta'aziyya kowa ya ce wa maƙwabcina kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa. Na faɗa masa haka ni ma, da zuciya ɗaya. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka, juyawa ya yi da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a inda maza suke taruwa, a huɗubar Juma'a, a wajen ɗaurin aure lokacin da ake yi wa ango nasiha kan ci da sha da sutura. A ƙara masa da cewa in Allah ya kawo rabo, kai ta awo da wuri yana cikin riƙon amana. Mai unguwa da ke sanin duk gidan da aka yi haihuwa zai iya sanin ko an kai jaririn allurar ranar farko. Abokai a majalisa, da muke tambayar juna ko an samu rago, mu riƙa tambaya ko an yanki kati.

Matar maƙwabcina ta sake samun ciki bayan shekara ɗaya da rabi. Wannan karon shi ya kai ta da kansa a kan babur, tun ciki na wata uku, ya zauna a gindin bishiyar darbejiya a harabar asibitin har ta fito. Ta haifi mace, an yi suna lafiya. Kwanan baya ya shigo zaurena da katin a cikin leda, ya ce, "Malam, duba mini nan, sun ce da saura." Na buɗe. Layi biyu na sama an cike su da biro, da kwanan wata da sa hannu. Na ƙirga masa da yatsa, na ce ta uku ta riga ta wuce lokacinta da wata biyu, amma ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ya ce ranar Talata ce ranar allura a asibitinsu, zai nemi wanda zai tsare masa shago. Ya mayar da katin cikin leda ya sa a aljihun gaba, layi uku na ƙasa babu komai a cikinsu tukuna.